Finafinan Hausa a Idon Mai Kallo na Dakoro

Dakoro gari ne da ke arewacin jihar Maraɗi ta Nijar, inda gonakin gero na Hausawa suke haɗuwa da makiyayar Fulani da Buzaye ta wajen kwarin Tarka, kuma duk da nisansa da Kano, mafi yawan finafinan Hausa da ake kallo a cikinsa daga can suke fitowa. Hanyar da fatake suke bi daga Kano zuwa Katsina, su ƙetare iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa su shiga Maraɗi, ita ce kaset ɗin bidiyo ya bi bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin ƙungiyar Tumbin Giwa da ake ɗauka mafarin wannan sana'a, sannan faifan CD ya biyo sawu. A yau fim ba ya jiran mota, domin masu turawa, wato matasan da ke zama da kwamfuta a rumfunan cajin waya, suna sauko da shi daga YouTube su zuba wa mutum a katin wayarsa a kan kuɗi kaɗan. Sakamakon haka, a kati ɗaya ana samun fim ɗin soyayya da na barkwanci da fassarar Indiya da shiri mai dogon zango, kuma mai kallo yana auna su da juna ba tare da la'akari da bambancin jarin da aka zuba wa kowannensu ba.

Fim ɗin soyayya mai rawa da waƙa, wanda Sangaya da Wasila suka kafa wa tuta a mashigar shekarun 2000, shi ne nau'in da ya fi ja da baya. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda wannan salo ya samo tushe daga finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a gidajen sinima na Kano, inda auren dole da kishi da biyayya ga iyaye suka yi daidai da abin da Bahaushe ya sani a gidansa. Jihar Maraɗi ma tana da hannu a cikinsa, tunda mawaƙiya Binta Labaran, wadda aka fi sani da Fati Nijar, ƴar Maraɗi ce, kuma muryarta ta ratsa finafinai masu yawa na wancan zamani. Abin da ya sauya shi ne waƙa ta rabu da labari ta koma cin gashin kanta a wayoyi da wuraren biki, har mai kallo na yanzu yakan tsallake ta idan ta katse masa zance.

Fassarar Indiya, wato ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin da aka shirya da wani harshe, kamar yadda kamfanin Algaita na Kano ya yi suna da ita, ta fi cancantar a tsaya a kanta. Masu shirya finafinan Hausa sun daɗe suna kukan cewa ta kashe musu kasuwa, kuma kukan yana da hujja, domin fim ɗin da aka kashe wa dukiya mai yawa wajen faɗa da tseren motoci yana isa hannun mai kallo a farashi ɗaya da wanda aka ɗauka a falo guda. Sai dai ƙarfinta ba a hoto kaɗai yake ba. Mai fassara ba ya bin zancen asali sau da ƙafa, yakan saƙa kirari da habaici da ba'a irin ta majalisar samari, ya laƙa wa jarumai sunayen da za su zauna a baki, ta yadda ɗan kallo a Dakoro, wanda bai san Hindi ko Telugu ba, yake maimaita maganganun fim ɗin a kasuwa. Wannan ya tona wani rauni na marubuta finafinan Hausa da yawa, waɗanda suka yi sake da zance har baƙon fim ya fi nasu daɗin Hausa.

Shiri mai dogon zango, wanda ake sakin sa kashi-kashi kowane mako, shi ne ya dawo da martabar rubutu. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe wannan hanya da Daɗin Kowa, labarin wani ƙirƙirarren gari da ya tara malami da ɗan kasuwa da almajiri da ɗan gudun hijira, sannan ta kawo Kwana Casa'in, wanda ya shiga siyasar wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa da cin hanci da halin da ɗan jarida ke shiga idan ya ƙi sayar da alƙalaminsa. Daga 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar da cewa YouTube zai iya ciyar da mai shirya fim. Tsawon lokaci yana ba hali damar bayyana a hankali, shi ya sa masu kallo suke muhawara a kan jarumai kamar maƙwabtansu ne, suna yanke hukunci da ma'aunin tarbiyya: wane ne ya ci amana, wace ce ta yi haƙuri, wane ɗa ne ya saɓa wa uwarsa. Illarsa kuwa jan labari ne, domin kuɗin talla yana bin yawan kashi, kuma sau da yawa abin da zai ƙare a zango biyu ana miƙe shi har ya yi laushi. Barkwanci ma ya bi wannan hanya: bayan rasuwar Rabilu Musa Ɗan Ibro a watan Disamban 2014, finafinan camama, wato na ban dariya masu ƙaramin jari, sun ragu, kuma shirin Gidan Badamasi, labarin wani attajiri da ƴaƴansa suka zuba wa dukiyarsa ido tun yana raye, ya gaji wani ɓangare na masu kallonsu.

Duk da haka, akwai giɓin da ya kamata a faɗe shi da babbar murya. Mai kallo na Dakoro yana jin harshensa a waɗannan finafinai, amma ba ya ganin ƙasarsa. Hausar da ake yi ta Kano ce, idan kuwa karin harshen yamma irin na Gobir ko Adar ya fito, yawanci a bakin baƙauyen da ake yi wa dariya ake sa shi. Rijiya mai zurfi, da burtalin da gona ta cinye, da shekarar fari, da matashin da ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ya bar mata da ƴaƴa, duk labarai ne masu nauyi da ba su samu gurbi a tsakanin manyan falo da ofisoshin kamfani ba. Ba kuma rashin tarihi ne ya jawo haka ba, domin Nijar ta riga Kano shiga harkar sinima: Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, Moustapha Alassane ya yi fice tun shekarun 1960, Aïcha Macky kuma ta fito da fim ɗinta Zinder a 2021, inda ta bi rayuwar matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Waɗannan ayyuka sun fi zagaya bukukuwan ƙasashen waje fiye da rumfunan turawa.

Hatta hukuncin abin da ya dace a gani a wata ƙasa ake yanke shi. Hukumar tace finafinai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kuma irin wannan mataki yana shafar mai kallo na Dakoro duk da ba shi da wakili a wurin. Tsarin kasuwar ma bai san da shi ba, tunda mai turawa sau ɗaya yake sauko da kashi ya raba wa mutane da yawa, alhali YouTube kallo ɗaya zai lissafa, mai shirya fim kuwa da wannan lissafi yake tantance waɗanda zai rubuta wa labari na gaba.