Babbar Riga ko Kaftani: Yadda Harsunan Fonshonal ke Tambayar Takardun XML

Duk wanda ya taɓa ganin masu duba aikin rigakafi suna bi gida-gida a Tambuwal ko Kebbe ya san wayar nan da suke ta latsawa. Ɗaya daga cikin manhajojin da suke cika fom da su a wayar ita ce ODK, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Washington ta Amurka, kuma fom ɗin da amsoshinsa duk a tsarin XML ake adana su. In maigida ya ce babu yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, tambayoyin allura ba za su fito ba. Ɗan layi ne na XPath, harshen da ake tsamo bayani daga XML da shi, ke yanke wannan hukunci.

Ƙungiyar W3C ta tabbatar da XML a 1998, XPath kuma a 1999. Takardar XML kamar salsala take: jiha ta haifi ƙananan hukumomi, su kuma suka haifi mazaɓu. Da kalmomin zumunta ma XPath ke magana: uwa, 'ya'ya, 'yan'uwa, kakanni, zuriya. Mai neman mazaɓun Kebbe zai iya rubuta /jiha/karamar_hukuma[@suna='Kebbe']/mazaba, a zubo masa su.

Harsunan fonshonal, irin su Haskell da OCaml da Scheme, ba sa son a sauya abu a inda yake. Ka miƙa wa aiki abu, ya dawo maka da sabo, na farkon na nan yadda yake. Bin rassan salsala kuwa shi ne gwanintarsu. Shi ya sa Philip Wadler, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara Haskell, ya sa hannu a aikin XQuery, harshen tambayar takardun XML, kuma da OCaml aka rubuta Galax, ɗaya daga cikin injinan XQuery na farko. Sai dai harshe shi kaɗai ba ya isa. Dole a sami laburare, wato tarin kayan aikin da wani ya riga ya rubuta.

A 1999 Malcolm Wallace da Colin Runciman na Jami'ar York ta Ingila suka gabatar da laburaren HaXml, suka kuma nuna cewa hanya biyu ce a gaban mai wannan sana'a. Ta farko babbar riga ce, kowa ya saka ta shige shi: a ɗauki kowace takarda a matsayin rassa kawai, a harhaɗa ƙananan matatai su tsamo abin da ake so. Ta biyu kaftani ne da tela ya auna: a karanta ƙa'idar takardar tun farko, a ɗinka mata nau'in bayanai daidai jikinta, ta yadda manhajar da ta nemi abin da babu ba za ta ko tashi ba.

Kowace hanya ta yi zuriya. A gidan babbar riga akwai HXT na Uwe Schmidt daga Jamus, da xml-conduit na Michael Snoyman, da SXPath na Oleg Kiselyov a Scheme. A gidan kaftani akwai XDuce na Haruo Hosoya da Benjamin Pierce, da CDuce daga Faransa, sai XmlProvider na harshen F#, wanda ake nuna wa samfurin takarda ya ɗauki awo da kansa.

Ingancinsu sai an gwada da bayanan da suka fito daga ƙauye. Fom na sauyawa: bana a ƙara tambaya, baɗi a sake wa wata suna. Kaftani ba ya jure haka. Da an taɓa fom sai a koma wajen tela. Babbar riga na jurewa, amma aibinta ya fi haɗari. Ka yi tuntuɓen harafi ɗaya, ka rubuta mazabu maimakon mazaba, ba wanda zai ce maka uffan. Za a miƙo maka jerin da babu kome a ciki, ya shige rahoto a matsayin sifili. Gidajen da aka shiga ƙafa da ƙafa sai su zama kamar ba a taɓa zuwa ba.

Akwai kuma ciwon da ya shafi hanyoyin biyu: masu kula da laburaren ba su da yawa. XPath ya kai siga ta 3.1 tun 2017, amma na HXT yana kan ta farko. Mai son cikakken XQuery yakan koma ga Saxon na Michael Kay, wanda aka gina a Java.

A ganina, ɗalibin kwamfuta da aka damƙa wa bayanan ƙaramar hukuma ya yi amfani da babbar riga wajen leƙa takardar da bai sani ba. Amma alƙaluman da za a dogara da su wajen aika allura Kebbe, a auna musu kaftani. Gara manhaja ta ƙi tashi yau a ofis da a gano bayan wata shida cewa an tsallake mazaɓa guda.