Bangon da Ke Jinkirta Rana: Nazari a Kan Ginin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙasa a cikin birnin Zariya ko Kano da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ya san daɗin da ke ciki. A waje ma'aunin zafi ya haura 40, ƙasa na gasa tafin ƙafa ta cikin silifa. Kana sa kai sai ka ji kamar an sauke maka kaya, alhali ba fanka, ba na'urar sanyaya ɗaki. Dattawan da ke zaune a kan dakali za su ce maka ai ƙasa sanyi gare ta. Gaskiyar magana ƙasa ba ta da wani sanyi nata na kanta. Jinkiri kawai ta iya, kuma a kan wannan jinkirin hikimar magina ta ginu, a nan ne ma rauninta yake.

Masana gine-gine suna da wani fanni na tsara gida yadda rana da iska da kayan ginin kansu za su daidaita zafi ba tare da inji ba. Fannin ya yi tashe a Amurka da Turai bayan tsadar man fetur ta 1973. Sai dai su farautar rana suke yi: manyan tagogin gilashi masu kallon kudu, da bango mai kauri a bayan gilashin, irin wanda Félix Trombe ya gwada a Faransa a 1967. Mu kuwa gudunta muke. Kano na kan digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka rana kan tsaya cak a tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, tsakaninsu kuma ta arewa take ratsawa. Rufi ne ke shan dukan tsakar rana, bangon gabas ya sha na hantsi, na yamma ya sha na la'asar, wanda ya fi kowanne mugunta. Wanda ya kwafo littafinsu bai juya shi ba, tanda ya gina.

Magini bai karanta wannan ba, amma dubi aikinsa. A kwaɓa birji da ciyawa, a bar shi ya kwana biyu ya tsumu, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. A jera shi tsaye, sahu bisa sahu, bango ya taso da kauri daga ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Zafin da ya bugi bayansa da rana sai ya ɗauki sa'o'i da dama yana ratsawa, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Rufin ma haka yake: azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa mai kauri, a shafe da laso, wato katsin marina da aka haɗa da gashin jima da dafara. Bango kuma a yi masa makuba. Taga 'yar ƙarama ce can sama, ta isa fitar da hucin ɗaki, ba ta isa shigo da rana ba.

Akwai wata ƙaranta ta azara da ta zama alheri. Ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga don su faɗaɗa ɗaki. Faɗin ya jawo tsayi, tsayin ya ba iska mai zafi wurin taruwa nesa da kan mutane. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, shi ne ƙololuwar wannan fasaha.

To amma bango bashi yake ci, dole ya biya. Zafin da ya haɗiye da rana, da dare yake amayar da shi cikin ɗaki. A hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa haƙora kaɗawa, wannan ni'ima ce: ɗaki na nan da ɗumi ko ba a hura wuta ba. A bazara kuwa, musamman dab da saukar damina, dare kansa ba ya hucewa, soro ya koma gidan gumi. Masu yabon ginin gargajiya kan tsallake wannan gaɓa, ni kuwa ina ganin nan ne zuciyar al'amarin. Al'adar ba ta warware matsalar da bango ba, da ƙafa ta warware ta. Mutanen gida ne ke kewayawa: hantsi a inuwar rumfa, azahar a cikin soro, la'asar a zaure ko gindin darbejiya, da dare a yayyafa ruwa a tsakar gida, ƙasa ta yi ƙamshi, a baje tabarmi, randa na gefe tana raɓa. Rabin tsarin gini ne, rabinsa ɗabi'a ce.

Sauran aibobin ba ɓoyayyu ba ne. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, yana zaizaye bangon wannan ɓangare, kowace shekara sai yaɓe. Indararo ɗaya ya toshe, rufi ya jiƙe ya yi nauyi, a kwana cikin fargaba. Ɗakunan da duhu, iska ba ta ratsa su sosai. Giginya ta yi ƙaranci, gwanayen magina na ƙarewa. Matar da ta gaji da tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo ba jahilci ne ya sa ta so kwano ba.

Abin takaici shi ne abin da ya maye gurbin. Bulo mai rami, inci 6 ko 9, ba ya riƙe zafi ya jinkirta shi kamar tubali. Kwano yakan yi zafin da ba ya taɓuwa, ga shi yanzu ana yayin baƙi da ruwan toka mai duhu, dogo tsololo kamar ana jiran ƙanƙara, ba baki mai faɗi da zai inuwantar da bango. A buɗe ƙatuwar tagar gilashi ta yamma saboda titi yana can. A sare bishiya, a malale fili da siminti. Ƙarancin fili da tsoron ɓarayi kuma sun kashe kwanan waje. An rasa bangon, an rasa kewayawar, sai jiran wuta da kukan janareto. Wani kuma ya dasa zanko huɗu na siminti a saman wannan akwati ya ce ya raya al'ada.

Waɗanda suka ɗauki hankalin abin, ba adonsa ba, suna nan. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara masallacinsa na ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji ta Nijar ɗin, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa wanda aka danne da inji, mai ƙwari da daidaiton gefe. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré bai ma ƙi kwano ba a makarantar da ya gina a 2001. Ɗaga shi ya yi a kan ƙarafa, sama da rufin ƙasa, ya zarce da bakinsa har ya rufe bango daga rana da ruwa. Kwanon ya sha zafinsa shi kaɗai, iska ta bi ta tsakani ta kwashe hucin, yara na karatu a ƙarƙashin ƙasar da ruwan sama ba ya taɓawa.