Ra'ayi: Hunturu Ne Lokacin Gayyatar Baƙi Cin Abincin Gaɓar Kainji

Tafiya don cin abinci ta zama reshe mai zaman kansa a harkar yawon buɗe ido. Mutum yakan bar garinsu ya nufi wani gari domin kawai ya ɗanɗani abin da mutanen wurin suke dafawa, a lokacin da ya fi daɗi, daga hannun waɗanda suka gaji girkin. Ɗabi'ar ta fara shigowa Arewa ta hannun matasa masu ɗaukar bidiyo da waya, waɗanda suke zagaya kasuwanni suna nuna kilishi da masa da fura a Facebook da TikTok. Sai dai har yanzu idonsu ya fi karkata ga manyan birane. Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, tana da abin shiga wannan fage, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da ita kamar hunturu.

Italiya tana cikin ƙasashen da suka fi shahara da wannan sana'a. A can kowane yanki yana tinƙaho da girkinsa, kuma lokacin sanyi yana da nasa kalolin abinci. Mutanen arewacin ƙasar suna cin polenta, wadda tuwon masara ce da wani suna, su haɗa ta da naman da ya daɗe a wuta. Garin Alba yana cika da baƙi daga Oktoba zuwa farkon Disamba saboda kasuwar wani nau'in naman kaza mai tsada da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa. A 1985 gwamnati ta yi dokar da ta tsara yadda manomi zai sauki baƙi a gonarsa ya ciyar da su daga amfanin gonar, sannan a 1986 Carlo Petrini ya assasa yunƙurin da ya zama ƙungiyar Slow Food a garin Bra, domin kare girkin gargajiya daga abincin gaggawa. Italiyawa suna haɗa abincinsu da giyar inabi, abin da ba shi da gurbi a teburin Musulmi. Darasin da ke ciki shi ne kowane abinci ana kawo shi da sunan garinsa, da lokacinsa, da abin shan da ya dace da shi.

Gaɓar tafkin Kainji, inda Masarautar Yauri take, ta tara waɗannan abubuwa uku. Tafkin ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa a kan kogin Neja a 1968, kuma tsawonsa ya haura kilomita 130. Ruwan ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa dubban mutane matsuguni, ciki har da Gungawa da suka saba da zaman tsibiri. A yau Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Sarkawa da Fulani da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya a Yelwa da Warra, kowa da abin da ya iya: wannan su, wancan noma, wancan kiwo. Girkin yankin daga wannan cuɗanya ya fito.

Dalilin fifita hunturu a fili yake. Kogin Neja yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta ruwan damina ce, mai laka. Ta biyu kuwa ruwa ne da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, laka ta kwanta, ya iso a tace cikin watannin sanyi. Saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu tafkin yana cike, hanyoyin ƙasa sun bushe, sabuwar shinkafa da dawa da gyaɗa sun shiga rumbu, albasar rani ta fara leƙo kasuwa. Iskar hunturu kuma tana busar da kifi da wuri, ba ta barin danshin da ke lalata shi da damina.

Kifi shi ne ginshiƙi. Akwai giwan ruwa mai farin tsoka da ƙarancin ƙaya, wanda ya fi dacewa da farfesu, da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da bargi da yauni, kowanne da girkin da yake so. Wanda ya tsaya wurin masu banda zai ga sana'a mai tsari. Ana fasa kifin a wanke, babba a yayyanka shi, tarwaɗa a lanƙwasa ta a soke wutsiya da kai, a jera a kan raga bisa murhun laka ko na rabin duro. Wutar ba a barinta ta yi harshe, hayaƙi da zafi kaɗan-kaɗan ake so, ana juyawa har fatar ta yi ja-ja tana ƙyalli da mai. Can gefe kuma ga warangi, ƙananan kifin nan masu sheƙi, an baza su a rana. Idan wannan banda ta shiga miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa mai daddawa, aka kawo ta da tuwon sabuwar shinkafa, an sami abincin da otal-otal ɗin Abuja ba su iya kwaikwayonsa, domin kayan haɗinsu sun kwana a mota.

Abin sha ma yana bin sa'o'in yini. Da sassafe, lokacin da hazo ya rufe tafki, kunun gyaɗa ko kunun tsamiya mai zafi ko koko da ƙosai su ne ke korar sanyi. Da rana ta take sai fura da nono daga hannun matan Fulani, waɗanda shanunsu ke kiwo a ciyawar burgu ta bakin ruwa. Da dare farfesun kifi mai citta da masoro da kimba yana neman zoɓo ko shayi mai kanumfari. Wannan jeri ya isa a gina wa baƙo yini guda cur ba tare da an ari komai daga waje ba.

Abin takaici shi ne masu masauki da gidajen abinci da dama a garuruwan Arewa suna jin kunyar gabatar da irin wannan. Baƙo mai daraja yakan iso a tare shi da soyayyar shinkafa da kaza da lemon kwalba, irin wanda ya baro a gidansa, tuwo da miyar banda kuma a bar wa mutanen gida. Wannan kuskure ne na ciniki, kuma raini ne ga gado. Mutumin da ya yi sa'o'i a mota daga Sakkwato ko Kano ko Kwantagora ya zo neman abin da babu shi a garinsu ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dama tana nan a buɗe. Bikin Rigata na Yauri, wanda a shekarun nan ake yi a watan Fabrairu, yana tara jama'a kallon tseren kwale-kwale da wasannin ruwa. Jihar ta riga ta yi suna da bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ya kamata a ware wa girki fili na musamman a Rigata, inda matan Yelwa da Warra da Shanga za su kafa tukwane, kowace tukunya da sunan girkin da ƙauyen da ya fito. Kuɗin baƙo ya shiga hannun mai girki da masunci da mai nono kai tsaye, ba tare da wani ɗan kwangila ya tsaya a tsakani ba. Masu bidiyo su ma akwai haƙƙi a kansu: su nemi izini kafin su ɗauki mace tana aikinta, su biya abin da suka ci.

Sai dai ba a gayyatar baƙo sai an share gida, kuma sharar nan kashi huɗu ce. Na farko kifin kansa. Raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da zuba guba a ruwa, suna cinye jarin gobe, don haka dole sarakunan ruwa da hukuma su tsaya kan dokar kamun kifi. Na biyu tsabta. Ɗabi'ar da wasu 'yan kasuwa a sassan ƙasar nan suke da ita ta fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari tana iya rusa sunan kasuwa gaba ɗaya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murhunan banda, ya dace aikin ya isa ga mata masu sana'ar a Ngaski da Shanga. Na uku lafiyar matafiya a ruwa. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, kuma ya isa ya sa rigar kariya da ƙayyade lodi su zama wajibi. Na huɗu tsaro. Harin da aka kai kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ya bar tabo a sunan yankin, kuma babu mai fita cin daɗi a hanyar da yake tsoro.

Waɗannan gyare-gyare mutanen gaɓar ne za su fara amfana da su tun kafin baƙo na farko ya iso. Kira a nan ga Masarautar Yauri da ƙananan hukumomin uku da gwamnatin Jihar Kebbi shi ne su ɗauki girkin yankin a matsayin dukiya, su ba shi wuri a bukukuwan hunturu, su kare tafkin da ke ciyar da shi. Masu masauki kuma, idan baƙo ya sauka, su ɗora masa tukunyar gida.