Tazyinul Waraƙati: Shaidu Biyu a Cikin Littafi Ɗaya

Ba safai a kan sami shugaban yaƙi ya ajiye takobi ya ɗauki alƙalami, ya rubuta abin da ya gani da idonsa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka yi haka. Shi ne ya shugabanci rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto cikin 1804, sa'ad da aka kori Sarkin Gobir Yunfa. A 1813 ya gama littafinsa Tazyinul Waraƙati da Larabci, Mervyn Hiskett kuwa ya fito da shi tare da fassarar Turanci a Ibadan cikin 1963.

Tsarin littafin shi ne Malam Abdullahi ya tara waƙoƙinsa, ya jera su bisa aukuwar al'amura, yana gabatar da su da zube mai bayyana dalilin yinsu. Watau shaidu biyu ke nan. Waƙoƙin jihadi an yi su ne ƙurar yaƙi ba ta ko kwanta ba, zuben kuwa an rubuta shi bayan an ci Alkalawa a 1808, hankali ya natsu. Wanda ya cuɗanya su ya rasa rabin amfanin littafin.

Waƙar Tabkin Kwatto cike ta ke da murna da yi wa Yunfa ba'a. Amma bayan kashin da Jama'a ta sha a Alwasa cikin 1805, sai murya ta sake, ya koma makokin abokansa da suka yi shahada da zargin waɗanda suka rage. Wajen 1807 ma ya bar runduna da nufin tafiya Gabas, sai mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Dalilin da ya bayar shi ne son mulki da dukiya ya shiga zukatan mayaƙa. Shaidar nan tana da nauyi, don kuwa daga bakin jagora ta fito, ba daga bakin maƙiyi ba.

Duk da haka akwai wurin hattara. Malam Abdullahi ya bi sawun mawaƙan Larabawa na da, saboda haka ambaton kufai da tafiya bisa raƙumi ado ne na ƙasida, ba labarin ƙasar Gobir ba. Gobirawa kuma ba su da baki a littafin, sai abin da wanda ya ci su ya faɗa a kansu.

Ya kamata malamai su karanta shi tare da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, na 1812. Bello ya fi kawo jerin yaƙe-yaƙe daki-daki, Abdullahi kuwa shi ya nuna abin da nasara ta yi wa waɗanda suka same ta.