Allunan Tunawa a Jiragen Yaƙin Ruwa: Sunan Wa Ake Rubutawa?

Sojan da ya mutu a tudu yakan samu kabari, amma wanda teku ta haɗiye babu inda 'yan uwansa za su je su tsaya. Wannan ne ya sa rundunonin ruwa suka riƙe al'adar kafa allon tagulla ko na dutse, a jikin jirgi ko a kusa da inda ya nitse. Idan aka bi tarihin allunan nan, za a ga yadda ra'ayi ya sauya game da wanda ya cancanci a tuna da shi.

A Portsmouth ta ƙasar Ingila, jirgin HMS Victory yana nan har yau. A daben samansa akwai ɗan allon tagulla daidai inda harsashi ya kayar da Admiral Nelson a yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba, 1805. Mutum 57 na jirgin suka mutu a ranar, amma wurin faɗuwar mutum ɗaya aka yi wa alama. Tsohon salon ke nan: a girmama shugaba, a ce ya wakilci kowa.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun sauya lissafin, domin a 'yan mintoci jirgi kan tafi da mutum sama da dubu. Harin Japan a Pearl Harbor, ranar 7 ga Disamba, 1941, ya hallaka mutum 1,177 na jirgin USS Arizona. A ginin tunawa da aka buɗe bisa ɓaraguzansa a 1962, an sassaƙa sunayensu a bangon farin dutse, hafsa da kurtu a bango guda. Haka ma HMS Hood, wanda Jamusawa suka nitsar a watan Mayun 1941, mutum uku kacal suka tsira. Da aka gano shi a 2001, Ted Briggs, ɗaya daga cikin ukun, ya je aka sauke allon tunawa a ƙarƙashin teku, inda ba mai karanta shi. Allon nan sauke nauyi ne, ba nuni ba.

Sai dai rubuta suna daban, biyan haƙƙi daban. Jirgin Mendi, wanda ya taɓa jigilar sojojin Najeriya zuwa Gabashin Afirka, ya nitse kusa da tsibirin Wight ranar 21 ga Fabrairu, 1917, bayan wani jirgi ya buge shi cikin hazo. Sama da mutum 600 suka rasu, akasarinsu baƙar fata 'yan Afirka ta Kudu da aka ɗauko domin aikin ƙarfi a Faransa. An rubuta sunayensu a maƙabartar Hollybrook da ke Southampton, amma gwamnatin ƙasarsu ta hana 'yan uwansu da suka tsira lambar yabon yaƙi. Sai a 2018 Birtaniya ta miƙa ƙararrawar jirgin ga Shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa.

Saboda haka allon tunawa ba cikakken tarihi ba ne, zaɓi ne na masu iko a zamaninsu. Duk wanda ya tsaya gabansa, ya karanta sunayen da girmamawa, sannan ya tambaya: wa aka bari, kuma me aka yi wa iyalan waɗanda aka rubuta?