Daga Bakan Gizo Zuwa Zanen Bango

Wanda ya tashi daga Funtuwa ko Malumfashi ya tafi Zariya, ba zai rasa ganin gini iri biyu ba, ko da ya ke mutane su kan haɗa su duka su ce ginin gargajiya ne.

Na farko shi ne tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kayan aikinsa tubali ne da azara. Azara kuwa ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki, saboda haka sai ya ɗaura ta hawa hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, aka lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya tarye ɗan'uwansa a sama, tulluwa ta zauna bisansu. Abin da ya ke ƙayatar da mai kallo a nan, shi ne kuma abin da ya ke riƙe da rufin. In aka cire shi, masallaci ya zube.

Na biyu shi ne gidajen attajirai na zamanin Turawa. Da aka buɗe hanyar jirgi daga Zariya zuwa Gusau ta kan Funtuwa, kuɗin auduga da gyaɗa suka yawaita a hannun 'yan kasuwa, sai ado ya fito waje. Aka cika fuskar zaure da dagi, da takobi, har da keke, aka tsayar da zankwaye. Akwai gwaninta a ciki, babu shakka, amma ɗakin da ke bayan zanen sau da yawa shigifa ce kawai.

Mutanen Italiya ma sun bi wannan hanya. Maikel Anjelo, wanda ya mutu a 1564, shi ya tsara ƙubbar majami'ar Bitrus a birnin Rum, aiki mai nauyi da natsuwa. Bayansa fadar Paparoma ta so ginin da zai girgiza zuciyar talaka, domin a lokacin mabiya da yawa sun ɓalle. Daga nan salon da a ke kira Barok ya fito. Sai dai gwanayensu ba su tsaya ga shafe ba. Baromini, da aka ba shi ƙaramin fili a 1638 ya gina majami'ar San Karlo, bangon kansa ya lanƙwasa, ya shiga ya fito kamar igiyar ruwa, ƙubbar kuwa ya yi ta da siffar ƙwai. Watau ado ya yawaita, amma bai rabu da ƙashin ginin ba.

A nan ne maginanmu na baya suka yi sake. Tun da zanen ya zama riga, ranar da kwano da siminti suka yi araha sai mai gida ya tuɓe ta bai ji zafi ba, magini kuma bai bar wa ɗansa ilmin ɗaurin guga ba sai kaɗan. Shi kansa masallacin Babban Gwani, bayan 1970 an rushe wani sashe nasa, aka kewaye sauran da ginin siminti. Mai son ganin siffarsa ta dā sai ya tafi gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatancinsa da ƙasa.