Launin Jaruma a Littattafan Soyayya

An daɗe ana zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya. Sai dai lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, kukanta kan barin mata cikin jahilci bai saɓa wa tsawatarwar Shehu Usmanu a Nurul Albabi ba. Aibin da ya cancanci suka yana wani wajen. Jarumar akasarin littattafan fara ce sol, mai dogon hanci, tamkar Balarabiya ko Ba'indiya. Baƙa kuwa sau da yawa kishiya ce ko 'yar aiki, alhali huɗubar bankwana ta rushe fifikon launi. Budurwar Ƙofar Dundaye za ta rufe littafin ta dubi madubi, ga kuma man bilicin a kasuwa.